Zuwa ga 'Yan Matan Kusada Masu Rubuta Waƙa a Ɓoye

'Ya'yana, na san kuna nan. Akwai ku a cikin garin Kusada, akwai ku a Yashe da Kofa da Mawashi, akwai ku a Kankiya da Rimaye. Wata a shafin ƙarshe na littafin lissafi take rubutawa. Wata a wayar da ta ara wurin yayanta, ta goge kafin ta mayar. Wata kuma ko alƙalami ba ta ɗauka, a ka take riƙe da baitocinta, tana bitar su lokacin wanke-wanke. Abin da ya haɗa ku shi ne da an ɗaga labule sai ku rufe. Waƙar ranar yaye ɗalibai da ta yabon ɗan takara ba a ɓoye su, da lasifika ma ake karanta su. Wadda kuke ɓoyewa ita ce wadda a cikinta kuka tambayi kanku: ni wace ce? Me ya sa nake jin baƙunta a gidan da aka binne cibiyata? A cikin rayuwar nan tawa, wane yanki ne ni na zaɓa?

A kan wannan waƙar nake so mu yi magana. A ganina ita ce mafi daraja cikin duk abin da kuke rubutawa, ita ce kuma mafi wuyar yi da kyau. Mai yin ta tana bukatar ƙarfin halin faɗin abin da ke ranta, tana kuma bukatar yarda ta ɗauki nauyin abin da ta faɗa. Na farkon yawancinku kuna da shi, ko da a ɓoye ne. Na biyun nake jiye muku.

Baƙuntar da kuke ji ba ku kuka ƙirƙire ta ba. Tun yarinya ba ta iya ɗaura zane ba take jin ana cewa ɗiya mace ta gidan wani ce. In ta makara da safe, "haka za ki yi a gidan miji?" In gishiri ya zarce a miya, "wa zai zauna da ke?" Ana renonta a gida ɗaya, ana shirya ta domin wani gidan da ba ta taɓa takawa ba. Ran da aka kai ta, gwaggonni su zaunar da ita su ce yi na yi bari na bari, su ce haƙuri, su ƙara cewa haƙuri, su tashi su bar ta da sababbin kwanuka da mutanen da ba ta san fushinsu ba balle dariyarsu. Amarya ce har sai an yi wata, sannan ta zama uwargida. In ta haihu ta koma Maman wane. Sunan da aka raɗa mata aka yanka rago dominsa, sai dai a gan shi a katin asibiti da katin zaɓe. In kuwa zama ya ƙi ta dawo gida, ta tarar an ba wani ɗakin da ta tashi a ciki, ga kuma sabon suna yana jiranta, bazawara.

Kada ku ce ina zagin al'ada. Alkunya abu ne mai kyau, sakaya suna girmamawa ce, kuma mata da yawa sun sami gida na gaskiya a gidan aurensu, sun zama su ne ginshiƙinsa. Amma mutumin da ya shekara ashirin ba a kiransa sai da dangantakarsa da wasu, ɗiyar wane, matar wane, uwar wane, yana iya wayar gari ya nemi kansa ya rasa. Yarinya mai hankali tana hango wannan tun tana ƙaramar sakandare. Tana ganinsa a fuskar yayarta da ta zo wankan jego, sai ƙirjinta ya yi nauyi ba ta san dalili ba. In ta yi ƙoƙarin faɗa, a ce iskoki ne, ko rashin godiyar Allah, ko yawan karatun littattafan soyayya. Sau da yawa babu ko ɗaya a ciki. Hankalinta ne ya fara aiki.

Akwai masana a Turai da suka duƙufa a kan irin waɗannan tambayoyi, musamman a Faransa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da mutane suka ga birane sun zama kufai suka shiga tambayar ina amfanin rayuwa. Tafarkinsu shi ake kira falsafar wanzuwa. Jigonta shi ne, mutum ba ya zuwa duniya a kammale. Da zaɓin da yake yi yau da gobe yake gina ko shi wane ne, kuma ƙin zaɓa ma zaɓi ne, saboda haka ba shi da wanda zai jingina wa alhakin rayuwarsa. Jean-Paul Sartre ne ya fi yin suna da ita. Abokiyar tafiyarsa Simone de Beauvoir ta ɗauki wannan ma'aunin ta auna rayuwar mata a wani babban littafi da ta fitar a 1949. Ta nuna yadda ake sanin namiji da kansa amma a san mace ta hanyar namiji, har ita kanta ta saba kallon kanta da idon wasu. Wannan tunani ya ratsa waƙoƙin mata da yawa a Turai da Amurka da Gabas ta Tsakiya.

In Allah ya kai ku jami'a, a Katsina ko Dutsin-ma ko Kano ko Zariya, za ku ci karo da waɗannan sunaye, wataƙila ma a gabatar muku da su kamar su suka fara gano cewa mace mutum ce. Ku karanta su, kada ku ji tsoro, amma ku tace. Sartre bai yarda da Mahalicci ba, a kan wannan rashin ya gina nasa 'yancin, kuma a nan hanyarmu da tasa suka rabu. Batun cewa kowa shi zai ɗauki kayansa kuwa, tun a makarantar allo muka san shi. An karantar da mu cewa ranar hisabi kowane rai shi kaɗai zai tsaya. Ba za a kira miji ya amsa tambayar matarsa ba, ba za a kira uba ya amsa ta ɗiyarsa ba. To wadda za a tambaya ita kaɗai, tilas ta kasance tana da sani da hankali da zaɓi nata na kanta. Shi ya sa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littafinsa Nurul Albabi, ya yi kakkausan suka ga malaman da ke tara ɗaliban waje suna karantarwa, alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu.

A gidan Shehun nan aka haifi wadda nake so ku fara da ita. Sunan Nana Asma'u kowa ya san shi, an sa wa makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai, amma kaɗan ne suka zauna suka karanta ta. An haife ta a 1793. Tana da kamar shekara 11 jama'ar Shehu suka bar Ɗegel suka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta bi su daga zango zuwa zango cikin yunwa da ciwo da yaƙi, shekaru kafin a zauna a Sakkwato. Abin da yaran ƙauyukan Batsari da Safana da Ɗanmusa suka gani a shekarun nan, na barin gida ba da son rai ba, ita ma ta ɗanɗana irinsa tana ƙarama. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama wazirin yayanta Muhammadu Bello. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma ayyukanta da Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara suka buga a 1997 sun kai wajen 60. Ta rasu a 1864.

An fi ba da labarin 'yan taru, kuma ya cancanci a bayar: matan da ta naɗa wa malfa da jan rawani ta ba su muƙamin jaji, suna jagorantar tsofaffi da 'yan mata daga ƙauyuka zuwa wurinta, su haddace waƙoƙi, su koma su karantar da waɗanda ba su iya fitowa. Amma ni marsiyoyinta suka fi taɓa ni, kuma su suka fi kusa da maganarmu. Ta yi wa Bello marsiya da ya rasu a 1837, ta yi wa mijinta. Wannan ba abin mamaki ba ne, manya ne. Sai ga ta ta yi wa aminiyarta A'isha wajen 1855, ta zayyana kewa da kaɗaici ba ɓoye-ɓoye, har ta kafa hujja cewa hawayen ƙauna ba saɓo ba ne. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima. Ta yi wa Zaharatu, wadda ake kira in mace tana naƙuda ko in za a yi wa mamaciya sutura, ta zo ba ta ƙi. Ta yi wa Hauwa'u, jajin da ta yi shekaru tana kawo mata ɗalibai. Ku duba abin da ta yi. Ta ɗauko matan da tarihin sarauta ba zai taɓa ambata ba, ta kira su da sunayensu, ta faɗi halin kowace. Yau fiye da shekara 160 da rasuwarta, ga mu a Kusada muna ambaton Zaharatu, saboda wata mace ta ga ya dace a rubuta ta.

Asma'u ba ta yi wa gidansu tawaye ba, kuma kada ku yarda wani ya mayar muku da ita 'yar gwagwarmaya irin ta Turai. Amma ta san ko ita wace ce, ta san aikinta, ta yi magana da muryarta, har da wani malami baƙo daga ƙasar Muritaniya ta yi musayar baitoci. Duk wanda ya ce muku mace mai tsoron Allah ba ta faɗin ciwon ranta a waƙa, ku tambaye shi ko ya karanta marsiyar A'isha.

Kada kuma ku ɗauka sai mai alƙalami ce mawaƙiya. Kakanninku da ba su taɓa shiga aji ba sun yi waƙa a kan dutsen niƙa da bakin turmi, da wurin raino, da dandalin gaɗa. A nan mace take faɗin abin da ba ta isa ta faɗa wa uwar miji ido da ido ba: kewar gidansu, zafin kishi, mijin da ya tafi cin rani ya yi shiru. Kowa a gidan yana ji, kowa ya gane da wa ake, amma ba mai cewa ta yi rashin kunya, domin waƙa ce. Al'adarmu da kanta ta buɗe wannan ƙofar. Sa'adatu Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, tana cikin waɗanda suka fito da wannan murya daga tsakar gida zuwa kaset da rediyo, da kiɗan ƙwarya na amada. Ta yi wa kishiya waƙa, ta yi wa haihuwa, ta yi ta zaburar da mata su kama sana'a kada su zauna jiran hannun miji. Wasu sun ce bakinta ya yi kaifi, kuma akwai wuraren da ta wuce inda ni zan tsaya. Amma matan da ke mata liƙi a gidan biki sun san abin da suke biya: wata ce ta faɗi nasu da babbar murya. Ta kuma gane, ba tare da ta karanta kowa ba, cewa macen da ba ta da sisin kanta zaɓinta gajere ne.

A rubuce kuwa, a 1983 kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya buga Alƙalami a Hannun Mata, waƙoƙin Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu. Hauwa ta yi aikin karantar da manyan mata, tana kuma cikin Ƙungiyar Hikima ta Kano, ta su Mudi Sipikin. Cikin mawaƙan baka kuma akwai Binta Katsina, wadda ta yi kira ga matan Nijeriya su nemi ilimi su riƙe kowane irin aiki. Yawancin abin da suka yi waƙoƙin wayar da kai ne, na ilimi da tsafta da al'amuran ƙasa. Sun yi magana a madadin mata, amma ba kasafai suka buɗe nasu cikin ba, domin zamaninsu da ƙyar ma ya yarda su tsaya gaban makirufo. Masu ƙagaggun labarai sun riga mawaƙa shiga wannan fagen: Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana yarinya, ta fitar da Wa Zai Auri Jahila? a 1990. A rubutacciyar waƙar Hausa kuwa, filin nan har yanzu da sauran wuri, kuma ku ne a bakinsa.

Akwai mata biyu daga ƙasashen Musulmi da nake so ku san labarinsu. Ta farko Fadwa Tuƙan, Bafalasɗiniya, an haife ta a Nablus a 1917, a wani babban gida mai tsananin kulle. Tana 'yar makaranta wani yaro ya miƙa mata fure a hanya, labari ya isa gida, aka cire ta daga makarantar aka hana ta fita. Yayanta Ibrahim, wanda shi ma shahararren mawaƙi ne, ya same ta a wannan hali ya shiga koya mata waƙa, yana ba ta baitocin magabata ta haddace, yana gyara mata nata. Da ya rasu a 1941, mahaifinsu ya so ta maye gurbinsa da waƙoƙin kishin ƙasa. Ta kasa, kuma a tarihin rayuwarta ta bayyana dalili: an tsare ta daga duniyar da ake so ta yi wa waƙa. Sai ta rubuta abin da ta sani, wato kaɗaici da katanga, diwaninta na farko ya fito a 1952. Bayan ta fita ta cuɗanya da mutane, musamman bayan mamayar 1967, waƙarta ta zama muryar al'ummarta, haka ta ci gaba har ta rasu a 2003. Da ta yi ƙaryar jarumtaka tun farko don ta faranta wa mahaifinta, ina shakkar ko da ta kai inda ta kai. Da gaskiyar ɗakinta ta fara.

Ta biyu Furug Farrukzad ce, 'yar Iran. An yi mata aure tana 16, ta haifi ɗa ɗaya, auren ya mutu, aka raba ta da ɗan, ta rayu da wannan mikin har ƙarshe. Littattafanta uku na farko kuka ne na wadda take jin an tsare ta, da fushin wadda take son fasa bango. A 1962 ta tafi wani gidan kutare kusa da Tabriz ta shirya fim a kan rayuwarsu, ta kuma ɗauki ɗan wasu daga cikinsu riƙo. Waƙoƙin da ta fitar a 1964, bayan wannan, su ne masu nazari suka fi girmamawa. Ta rasu a hatsarin mota a 1967 tana da shekara 32. Akwai abubuwa a rayuwarta da ban yarda da su ba, kuma ban ce ku bi sawunta ba. Na kawo ta ne saboda ba ta taɓa ɓoye tsadar abin da ta zaɓa ba, kuma saboda sai da ta zura ido a ciwon wasu sannan ta ga nata sosai.

Yanzu ga batun 'yanci, wanda na san shi ya fi cin ranku. Ba wadda ta zaɓi iyayenta, ko garinsu, ko shekarar da aka haife ta, ko ƙarfin aljihun gidansu. Amma a cikin abin da aka ƙaddara miki, kullum akwai yanki da yake hannunki, kuma yawanci ya fi yadda kike zato faɗi. Kun san an ce a nemi iznin budurwa kafin a aurar da ita, kuma shirunta yarda ne. Ki tsaya ki yi tunani a kan wannan da kyau. Ma'anarsa shirunki ma magana ce, za a kuma rubuta miki ita. In an zo miki da wanda zuciyarki ta ƙi, kika sunkuyar da kai kika koma ɗaki kika rubuta baiti goma na kuka, kin riga kin amsa, kuma waƙar ba za ta warware amsar ba. Ki nemi gwaggonki, ko kakarki, ko malamin da mahaifinki yake jin nauyinsa, ki faɗa da ladabi, ki faɗa a sarari, tun kafin a sa rana. Haka batun ƙarasa makaranta, haka batun koyon ɗinki ko saƙa ko shiga makarantar koyon aikin lafiya da ke nan Kankiya. Ba kullum za a ba ki abin da kika nema ba. Amma akwai bambanci tsakanin wadda aka hana da wadda ba ta taɓa tambaya ba, kuma zuciyarki ta san wace ce ke a cikinsu.

Ƙarya iri biyu ke kashe irin wannan waƙar. Ɗaya ita ce "ba yadda zan yi," alhali akwai, tsoro ne kawai ya rufe shi. Ɗayar ita ce "ba ruwana da kowa," alhali uwarki ce ta hana cikinta ta biya miki kuɗin jarrabawa. Mai faɗin ta farko ta mai da kanta kaya, mai faɗin ta biyu ta mai da mutanenta kaya. Ban manta ba, akwai waɗanda da gaske ba su da yadda za su yi: yarinyar da aka aurar tun ba ta san me ake ciki ba, matar da 'yan bindiga suka ɗauka, wadda aka sako da goyo ba ko kuɗin mota. Waɗannan ba a yi musu wa'azin zaɓi. Ke da kika sami hannu a sake da alƙalami a ciki, ki je ki zauna da su ki saurara.

Wani abu kuma da ba zan tsallake ba. In kun shiga karatun waƙoƙin mata na Ingilishi za ku haɗu da Sylvia Plath, Ba'amurkiya mai baiwa ƙwarai, wadda ta kashe kanta a Landan a 1963 tana da shekara 30, ta bar yara biyu ƙanana. Akwai masu yi wa mutuwarta ado kamar ita ce cikar fasaharta. Ƙarya ne. Ciwo ne ya ci ta, ya kuma cinye waƙoƙin da ba ta kai ga rubutawa ba. Baƙin ciki mai zuwa ya wuce, waƙa tana ɗaukarsa. Amma in kin ga makonni suna wucewa ba barci, ba cin abinci, kina jin gara ba ki a duniya, to wannan ya fi ƙarfin littafi. Ki gaya wa babba da kika amince da shi a ranar, a je asibiti. Ciwon damuwa yana da magani, kuma neman sa ba raunin imani ba ne.

Game da aikin kansa, kayan aro ba ya rufe katara. Ina ganin baitocin yara cike da dusar ƙanƙara da jan fure da bakin teku, alhali mai rubutun ba ta taɓa wuce Kano ba. Ina kukar bayan gidanku? Ina layin jarkoki a bakin famfo, da ƙaiƙayin sussuka, da hazon hunturu, da motocin da ke wucewa ta Kankiya zuwa Kano kina tsaye da tallan gyaɗa kina ƙirga su? Abin da idonki ya gani ba mai iya rubuta shi sai ke. Sannan ki koyi awo. Ki san ƙwar biyu da ƙwar biyar, ki san amsa-amo, ki karanta Aƙilu Aliyu da Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aliyu Namangi da ƙarfi har kunnenki ya riƙa kama karaya da kansa. Nazik al-Mala'ika ta Bagadaza, wadda ta kasance cikin na farko da suka sassauta tsohon tsarin waƙar Larabci a 1947, sai da ta ƙware a tsarin sannan ta taɓa shi. In kin ga dama daga baya ki saki awon, amma ki sake shi kina sane.

Ki kuma bambance faɗin gaskiya da tona asiri. Ciwon naki ne, kina da ikon faɗinsa. Sirrin uwarki da na yayarki nasu ne. Kakanninki a kan dutsen niƙa sun iya wannan: a faɗi abu ya shiga har ƙashi, ba a kama sunan kowa ba. Abin da kika sa a Facebook cikin fushin dare kuwa ba ya dawowa, saboda haka ki bar waƙa ta kwana, ta ƙara kwana, kafin wani ya gani. Ran da kika tabbata ta nuna, akwai wata al'ada ta marubutanmu da nake so ki riƙe. Sukan buɗe da sunan Allah da salati, su rufe da faɗin wanda ya yi waƙar da garinsu. A wannan baitin na ƙarshe ki sa sunanki na yanka. Duk wanda ya sa sunansa ya yarda a tambaye shi, kuma wannan shi ne ɗaukar nauyin da na ce ina jiye muku.

Ku kuma samari, na san wasunku za su karanta wannan. Fadwa tana da 'yan'uwa maza da yawa. A cikinsu akwai wanda ya yanke mata hukuncin zaman gida, akwai wanda ya koya mata waƙa. In ka tsinci littafin ƙanwarka, kada ka karanta shi a tsakar gida ana dariya, kada kuma ka kai ƙara. Ka mayar inda ka gan shi. In ta nuna maka da kanta, ka karanta da natsuwa ka gaya mata baitin da ya fi, ka sayo mata wani littafin in ka je Katsina.

Akwai aiki ɗaya da nake roƙonku, kuma ba ya jira. Injin niƙa ya shigo kowace unguwa, dutse ya koma jingine a bayan ɗaki, waƙoƙin da ake yi a kansa suna tafiya tare da masu su. A 1949 zuwa 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa, Baba ta Karo, a ƙasar Zazzau, ta rubuta labarin rayuwarta har da waƙoƙin da take tunawa, littafin ya fito a 1954, kuma har yau masu nazarin rayuwar matan Hausa suna komawa gare shi. Ku ba ku bukatar tafinta. A hutun nan kowace ta sami tsohuwa ɗaya a danginsu, ta kai mata goro, ta roƙe ta waƙar niƙa da ta daka da ta raino, da wadda aka yi mata ran da aka kai ta ɗaki. Ki ɗauka a waya in ta yarda, ki kuma rubuta a takarda, domin waya tana lalacewa. Kada ki gyara mata Hausa, ki bar ta da Katsinancinta yadda ta faɗa. Ki tambaye ta wurin wa ta koya, da kuma wa take nufi a lokacin, in tana son faɗa. A saman shafin ki rubuta sunanta na yanka da ƙauyen da aka haife ta da ranar da kuka zauna.